ZANGON MATAFIYA: Serti, Garin Da Hanyar Mambila Ta Raya

Duk wanda ya san tashar mota ta Jalingo ya san motocin Gembu da sassafe suke yin lodi. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tafiyar ta wuni ce, kuma ba wani direban kirki da zai so duhu ya riske shi yana kan hawan dutsen Mambila. Mota takan fita daga gari ta yi kudu, ta wuce Sunkani, ta ratsa Garba Chede mai babbar kasuwa, ta isa Bali a bakin kogin Taraba, sa'an nan ta faɗa ƙasar Gashaka, inda duwatsu ke fara matsowa kusa da kwalta. Can bayan fasinjoji sun gaji da zama, ƙafafu sun yi tsami, sai ga Serti. A nan akan tsaya a sha mai, a duba ruwan lagireto da iskar taya, a yi salla, a taɓa ɗan abinci, domin Serti ce gari mai girma na ƙarshe kafin a kai gindin dutse.

Garin ba wani ƙato ba ne, amma nauyin da ke kansa ya fi girmansa. Shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Gashaka, a cikinsa fadar Lamɗo Gashaka take, akwai barikin soja, kuma nan ne mazaunin hukumar Gandun Daji na Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na Gwamnatin Tarayya faɗi a Nijeriya. Tun ran 27 ga watan Agusta 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, mahukuntan Jalingo ba su gushe ba suna alfahari da duwatsun jihar da dazuzzukanta, suna kiran masu yawon buɗe ido su zo su gani. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne, baƙo ba ya tashi sama daga Jalingo ya dira kan dutse. Ta ƙasa zai bi, kuma tsakaninsa da abin da ya zo gani akwai gidan mai, da rumfar mai faci, da teburin mai shayi, da ɗakin da zai kwana. In waɗannan sun yi kyau, ya koma gida ya turo wani. In ba su yi ba, ko dutsen zinariya ne ba ya sake waiwayowa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Bahaushe. Tun kafin a san mota a ƙasar nan, a cikin ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina da Zariya da Bauchi suna haye kogin Binuwai, su bi ta ƙasar Muri su kutsa kudu da gabas zuwa Gashaka da Banyo da Tibati da Ngaundare. Sukan tafi da riguna da turkuɗi da kanwa da duwatsun ado, su komo da hauren giwa, da goron da ke fitowa daga tsaunukan wajen Bamenda, da kuma bayi, abin da tarihi ba ya ɓoyewa. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, kuma ba ya tafiya kara zube. An san inda za a kwana kowace rana, watau zango. Akan yi shi a gefen gari kusa da ruwa, inda jakuna za su sami ciyawa, 'yan alaro su sami inuwa, mata su kawo fura da tuwo na sayarwa. Inda zango ya bunƙasa sai sarkin gari ya naɗa Sarkin Zango, shi ke karɓar baƙi, shi ke raba gardama, shi ake tambaya in kayan wani sun ɓace.

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a zango kuwa shi ne fatoma, watau mai masauki. Shi ke ba falke ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Ladansa la'ada ce daga cinikin da aka yi a gidansa, saboda haka arzikinsa duk yana rataye da sunansa. Madugai suna haɗuwa a hanya suna ba juna labari. Fatoman da aka sami mudunsa da algus, ko aka yi sata a gidansa, ba sai alƙali ya hukunta shi ba, baɗi war haka sai ya ga ayari ya wuce ƙofarsa ya sauka gidan maƙwabci. Garin da ya cika tsawwala kuɗin fito ko gaisuwa, shi ma sai a sake masa hanya. Kai, har Turawan farko da suka zo yawon gane ƙasa a wannan yanki a kan wannan tsari suka hau. Bajamushen nan Eduard Robert Flegel, wanda ya kai Ngaundare a 1882 yana neman mafarin Binuwai, madugan Hausawa ne suka yi masa jagora, har a 1884 ya tafi da biyu daga cikinsu birnin Balin, ɗayansu shi ne Madugu Mai Gashin Baki.

Ita kanta Jalingo da sansani ta fara. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a 1893, bayan yaƙinsa da mutanen Kona, wanda a cikinsa wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Louis Mizon ya taimake shi da bindigogi. Daga baya hanyoyi suka haɗu a kanta, ta Numan da Yola, ta Wukari, da ta Bali, sansani ya zama birni. Har yau akwai unguwa a Jalingo da ake kira Mil Shida, sunan da ba kowa ya raɗa mata ba sai turken hanya.

Ƙasar Gashaka kuwa wata ƙaddara ta bi. Da Turawa suka raba ƙasa, Muri ta faɗa hannun Ingila, Gashaka ta faɗa cikin Kamaru ta Jamus. Kufan ganuwar da Jamusawa suka gina yana nan bisa tudu a tsohon garin Gashaka. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko sojan Ingila suka kore su, yankin ya zama ƙasar amana wadda ake riƙe da ita tare da Lardin Adamawa. A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Kamaru ta Arewa suka zaɓi Nijeriya, kuma ran 1 ga watan Yuni na wannan shekara aka haɗe su da Jihar Arewa da sunan Lardin Sardauna, don girmama Firimiya Sir Ahmadu Bello. Wannan suna ne ƙaramar hukumar da ke kan dutsen Mambila ta gada. To, sa'ad da aka shimfiɗa hanyar mota zuwa dutsen, ta Serti ta bi, ta bar tsohuwar Gashaka can cikin daji. Yau sarauta da kasuwa da ofisoshi duk suna bakin kwalta, garin da ya ba ƙasar sunansa kuwa ya koma ƙauye. Irin wannan ne ya sami Ibi da Lau, waɗanda suka yi tashe a zamanin da jiragen ruwa ke hawa Binuwai. Ibi ma har ta taɓa zama hedkwatar Lardin Muri. Da aka gina gadoji, manyan motoci suka karɓe dako, sai kasuwarsu ta ja baya.

Mai kuwa, a farkon zuwan mota, ba a gidan mai ake sayensa ba. A cikin garwa yake zuwa, mai cin galan huɗu, biyu-biyu cikin akwatin katako. Jiragen ruwa kan hau da shi da damina in kogi ya cika, a sauke a kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da U.A.C. Direba mai doguwar tafiya sai ya sayi abin da zai kai shi ya komo da shi, ya ɗaure a bayan mota. Garwar nan ce in ta ƙare 'yan ga-ruwa ke ɗauka, har sunan ya zauna a bakin mutane. Daga nan aka sami famfon hannu da ake kafawa a kan duro, daga bisani aka gina gidajen mai sosai da tankuna a ƙarƙashin ƙasa, masu ɗauke da tambarin Shell da BP da Mobil da Texaco da Esso da Total da Agip. Shekarun 1970 suka zo da sauye-sauye a jere. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, lita ta kori galan. Gwamnati ta shiga cikin kamfanonin, gidajen Shell suka zama National, na Esso suka zama Unipetrol a 1976, na BP suka zama AP a 1979 bayan gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe kadarorin kamfanin. Tsofaffin direbobi har gobe da waɗannan sunaye suke kwatance, ko da an sake fenti sau uku.

Amma manyan kamfanoni ba su cika son lungu ba, sun fi ƙaunar birane inda ciniki ke gudu. Abin da ya kai famfon mai ƙananan garuruwa shi ne damar da aka ba 'yan kasuwa masu zaman kansu a ƙarshen shekarun 1970, su gina gidajensu su sari mai daga rumbunan N.N.P.C., kamfanin da aka kafa a 1977. Saboda haka a irin hanyar Bali da Serti da Gembu, mai gidan mai galibi ɗan gari ne ko ɗan yanki, wanda aka san gidansu, aka san masallacinsa ko majami'arsa. Watau dai fatoma ne ya komo da sabuwar riga. Inda famfonsa ya ƙafe kuwa, sai 'yan bumburutu su fito da jarkoki da galan-galan a bakin titi, su ma ba a raina su, domin sun sha fid da matafiyi daga kwanan daji.

Mai karatu da bai taɓa hawa Mambila ba zai yi mamakin yadda direbobi ke ba wannan tsayawa muhimmanci. Daga Serti akwai sauran tafiya zuwa Mayo Selbe, a nan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta ƙare. Daga nan hanya sai ta riƙa naɗewa a jikin dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya kwazazzabo, kwana na bin kwana har a ɓullo Maisamari. Kan dutsen yana da tsayin wajen mita 1,600 daga teku. Motar da ke hawa da kaya dole ta daɗe a lambawan, inji yana kuka, iska ba ta shiga lagireto sosai tun da ba gudu ake yi ba, saboda haka in ruwa ya yi ƙaranci ko bel ya saki, nan take sai tururi. Ga shi kuma iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, ƙarfin inji yana raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Saukowa ta fi hawa haɗari. Direban da ya ɗora ƙafa kan birki bai ɗaga ba, birkin zai yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ƙwararru ke saukowa da ƙaramar giya, su bar inji ya riƙe mota. Karen mota kuwa yana tsaye da wejinsa a hannu, ko da za a tsaya a kan gangara. In damina ce sai a ƙara da hazo mai rufe ido da santsi da zaftarewar ƙasa. Wanda ya san wannan ba ya ganin bakanike da mai facin da ke gindin dutse a matsayin 'yan neman na tuwo kawai. Rayukan fasinja goma sha takwas suna iya rataya ga noti ɗaya da suka ɗaure.

A kan dutsen kuwa, inda kwalta ta ƙare, tsofaffin Land Rover ne sarakunan hanya. Wasu sun girmi direbobinsu, amma kanikawan Gembu da Nguroje sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu, su ke kai kaya da mutane ƙauyukan da wata mota ba ta isa. Abin da ke saukowa daga can, shanu da ganyen shayin Kakara da ayaba da fiya, duk ta Serti yake wucewa, haka kuma gishiri da siminti da man fetur da ke hawa.

Sai kuma gandun dajin, wanda shi ne ya kamata ya zama babbar kadarar garin. A 1972, zamanin Jihar Arewa Maso Gabas, aka keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti don kare namun daji, a 1991 aka haɗe su suka zama gandu ɗaya na Gwamnatin Tarayya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, wani sashe a Taraba, wani a Adamawa ta wajen Toungo. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, watau ƙafa kusan 8,000, ba kuwa wani wuri a Nijeriya da ya kai shi bisa. Akwai ɓauna da gwanki da damisa da dorina da kada, akwai tsuntsaye fiye da iri 500, kogin Mayo Kam kuma yana da giwan ruwa da tsage. Abin da ya fi jawo masana daga ƙasashen waje shi ne birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, irin wanda ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. Tun daga shekara ta 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya jagoranci binciken birai a wurin, aka yi shekaru ɗalibai na zuwa suna komawa. A 2017 kuma wata ƙungiya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa don taimakawa wajen tsaron gandun da horar da masu gadinsa.

Duk da wannan, a tambayi mutum goma a Kano ko Sakkwato ina ake zuwa kallon namun daji, tara za su ce Yankari. Ba laifinsu ba ne. Yankari an buɗe ta ga jama'a tun 1962, tana kusa da Bauchi, ga ruwan ɗumi na Wikki, ga ɗakunan kwana a tsakiyar daji. Gashaka kuwa sai wanda ya yi niyya. Saboda haka baƙin da suka fi cika gidajen mai da gidajen abinci na wannan hanya a 'yan shekarun baya ba masu kallo ba ne, masu ɗiba ne. Daga wajen 2014 zuwa 2017 aka yi wa itacen madobiya rubdugu a Taraba, wanda 'yan kasuwarsa ke kira madrid, ana sara ana lodawa a tirela zuwa Ikko, daga can a yi ƙasar Sin da shi don sassaƙa kujeru da gadaje masu tsada. Garuruwan hanyar Bali suka cika da gumagumai da kuɗi da baƙin fuska. A 2016 taron ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ya sa madobiya cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Da kasuwar ta watse, abin da aka bar wa mutanen wurin shi ne kututture, da kwaltar da nauyin tirela ya farfasa, da makiyayan da suka rasa ganyen da suke sassabe wa shanu da rani. A wajen wannan lokaci ne kuma aka yi ta tururuwa zuwa yankin Nguroje haƙar shuɗin dutse mai daraja. Zango ba ya zaɓen baƙo, duk wanda hanya ta kawo shi zai sayar wa mai. Amma akwai bambanci tsakanin baƙon da ke tafiya da itacen da wanda ke biya don ya zauna a inuwarsa, ya kuma komo baɗi.

A nan labarin wani ƙaramin gari na Amurka yana da amfani. Sunansa Wall, a jihar Dakota ta Kudu. A 1931, ana tsakiyar karayar arzikin duniya, wani mai haɗa magani, Ted Hustead, da matarsa Dorothy suka sayi ɗan kantin magani a garin, wanda mutanensa 'yan ɗaruruwa ne. Suka yi shekara biyar ciniki ba ya tafiya, alhali motoci suna wucewa ta bakin garin zuwa kallon tsaunukan Badlands da dutsen Rushmore da ake sassaƙa fuskokin shugabanni a jikinsa. A bazarar 1936 matar ta ba da shawara a kafa alluna a bakin hanya, a rubuta cewa akwai ruwan ƙanƙara kyauta a kantinsu. Matafiya masu ƙishi suka fara ratsowa, wanda ya sha ruwa sai ya sayi wani abu. Kantin ya yi ta faɗaɗa har ya zama shi kansa abin zuwa gani, yau ana lissafa masu tsayawa a wurin da wajen miliyan biyu a shekara, kuma har yanzu ruwan kyauta ne. Abin dariya, wannan dabarar da ta yi suna a duniya ba ta wuce randar da ake ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kanta ba, wadda kowane ƙauyen Hausa ya sani. Bambancin kawai, su sun rubuta a allo, sun kuma cika alkawarin da ke kan allon shekara da shekaru.

Ƙasar Japan ta bi ta wata hanya. A 1993 gwamnatinta ta fara yi wa zangunan bakin hanya rajista bisa sharuɗɗa kaɗan: wurin ajiye mota kyauta, makewayi mai tsabta a buɗe dare da rana, wurin da baƙo zai sami bayanin hanya da na gari. Ƙananan hukumomi ke ginawa, manoman yanki su kawo amfanin gonarsu su sayar. Yanzu sun haura dubu. Ba a bukatar kuɗin Japan kafin a yi irin wannan a Serti ko Bali ko Mayo Selbe. A yawancin zangunan hanyoyin ƙasar nan, mace matafiyiya ba ta da inda za ta kewaya cikin mutunci, baƙo ba ya ganin allon da zai gaya masa nisan gari na gaba ko inda zai sami mai, in kuwa an zuba masa gurɓataccen mai ko famfo ya yi masa ƙwange, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Abin da zangon dā yake da shi wanda na yau ya rasa shi ne mutum ɗaya sananne da alhakin baƙo ke wuyansa. Fadar Lamɗo tana nan, ƙaramar hukuma tana nan, ƙungiyar direbobi tana karɓar kuɗin tasha kullum, hukumar gandu tana da masaukin baƙi da ma'aikata masu sanin daji, masu gidajen mai kuma su ne za su fara cin riba. Zama ɗaya tsakanin waɗannan ya fi taron ƙaddamar da shiri goma a otal-otal na Abuja. Direban da ke lodi a Jalingo ma, da za a ba shi 'yar takarda mai hoton gandun da bayanin yadda ake shiga ya liƙa a motarsa, ya fi mai shela amfani, tun da shi ke hira da fasinja wuni guda.

Amma fa kada a ɗora wa talakan bakin hanya abin da ya fi ƙarfinsa. Mai gidan mai a irin wannan wuri yana can ƙarshen igiya. A 1973 aka daidaita kuɗin man fetur a ƙasa duka, a 1975 aka kafa asusun da ke biyan kuɗin dako domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Ikko da Gembu. A takarda ke nan. Mutanen nesa sun san sau da yawa sun saya fiye da ƙa'ida, musamman da yake iyakar Kamaru tana kusa, masu fasa-ƙwauri suna jan man zuwa inda ya fi tsada. A Nuwamba 2019 har hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mai laifi da marar laifi suka sha tare. Dokar man fetur ta 2021 ta rushe asusun dakon cikin wata sabuwar hukuma, sa'an nan ran 29 ga watan Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 don ta ciyar da Arewa ta yi shekaru ba ta tace mai ba, matatar Ɗangote da ta fara fitar da fetur a 2024 kuwa tana bakin teku a Ikko. Ke nan duk kilomitan da tanka ta yi, da duk ramin da ta faɗa, a kan famfon Serti za a biya shi, kuma iyalin da ke Kano ko Jos masu sha'awar kai yara su ga Mambila da hutu sai sun yi lissafi sau biyu.

Ga kuma gadoji. Jihar Taraba ƙasar koguna ce, hanya ɗaya tana iya haye rafi goma. A watan Agusta 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai a ƙaramar hukumar Gassol, kan babbar hanyar da ta haɗa Jalingo da Wukari da Makurdi, aka koma fiton mutane da motoci da jiragen ruwa kamar zamanin fatake. Gada ɗaya in ta faɗi, kowane mai shayi da mai tsire da mai faci da ke gaba da ita sai ya ji a aljihunsa. Haka nan zaman lafiya. Rikicin da aka yi a kan dutsen Mambila a 2017 ya ci rayuka da dukiya, kuma irin wannan labari ya fi kowace talla saurin yaɗuwa. Waɗannan biyu, hanya da tsaro, aikin Jalingo ne da Abuja, ba wanda zai ɗauke musu.

Wanda ya yi niyyar zuwa, lokacinsa rani ne, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta kwanta, koguna suka janye, namun daji ke fitowa shan ruwa. Sai ya kwana a Jalingo ya yi sammako, ya isa Serti da sauran rana, ya nemi ofishin gandu a Bodel a yanka masa takardar shiga, a haɗa shi da ɗan jagora, domin ba a shiga dajin ba tare da ma'aikaci ba. Ya cika tankinsa a nan, ya ƙara da jarka, ya kuma tanadi rigar sanyi in zai zarce kan dutse, don sanyin Gembu da asuba ba ya jin kunyar baƙo. Hanyar da ta shiga tsohuwar Gashaka ba kwalta ba ce, sai mota mai ƙarfi irin ta daji. Ruwan farko kan sauka a can tun cikin Maris ko Afrilu, daga nan Mayo Kam ya fara cika, hanyar cikin gandu ta yi ta tsananta ga mota har sai wani rani.